Yadda zaka kalli tsofaffin fina-finan zombi ba tare da an cuce ka da yankakken kwafi ba

Karon farko da na kalli fim ɗin nan Zombi 2 na daraktan Italiya Lucio Fulci na 1979 sai da na kusa zagin wanda ya ara min faifan. Akwai wani sin da kowa yake magana akai, zombi ya fasa ƙofar katako ya cafko gashin wata mata yana janyo kanta a hankali zuwa ga wani tsinin katako da ya tsage daga jikin ƙofar, kyamara ta matso sosai, ga idonta ga tsinin, saura kaɗan, ni har na ɗan kauda kai ina leƙe ta gefen ido, kawai sai naji kiɗan ya yi tsalle kamar an taka wutsiyarsa, hoto ya koma wani waje daban ana hira. Na mayar baya sau uku. Na ciro faifan na hura masa iska na goge da gefen riga, wai a tunanina karcewa yayi. Ashe faifan lafiyarsa ƙalau, almakashi ne ya bi ta kan fim ɗin tun kafin ya iso hannuna. Tun daga ranar na daina yarda da kowane kwafi sai na bincika, kuma abinda zan nuna maka kenan, don da yawan masu cewa tsofaffin fina-finan zombi ba komai a cikinsu, wallahi rabin fim suka kalla suke yanke hukunci.

Kafin maganar almakashi dai, daga ina zaka fara?

Ka fara da Night of the Living Dead na George Romero, 1968. Eh na sani akwai waɗanda suka riga shi, irinsu White Zombie na 1932 wanda Bela Lugosi ya fito a ciki, amma zombin wancan zamanin daban ne, mutum ne da boka ya mallake a Haiti yana masa bauta a gonar rake, baya cin kowa, baya cizon kowa. Gawar da ke tashi tana cin naman mutane, in ta cije ka kaima ka bi sahu, sai an harbe ta a ka sannan ta kwanta, duk wannan daga Romero ya samo asali, kuma abin dariyar ma ko sau ɗaya ba a furta kalmar zombi a fim ɗin ba. A kusa da Pittsburgh ta jihar Pennsylvania suka ɗauke shi da kuɗi kimanin dala dubu 114, baƙi da fari ne, kuma jinin da kake gani yana malala ruwan cakulan ne kawai, tunda ba kala ai ba wanda zai gane. Kar ka raina shi saboda haka. Akwai wurin da ƙaramar yarinya ta tashi a ɗakin ƙasa ta nufi uwarta da cokalin magina, har yau in na zo wajen sai na rage sauti. Jarumin fim ɗin Duane Jones baƙar fata ne, a Amurkar 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King, ka riƙe wannan a ranka har zuwa minti biyar na ƙarshe, ba zan faɗa maka me ya faru ba.

Matsalar wannan fim ɗin ba yanka bace, yawan kwafi ne. Lokacin da masu rarraba shi suka canza masa suna sai suka manta basu saka alamar haƙƙin mallaka a jikinsa ba, shikenan ya zama na kowa, duk wanda ya ga dama ya buga ya sayar. Shi yasa zaka same shi kyauta a intanet ta ko'ina, amma yawanci dishi-dishi kamar an ɗauka ta cikin hayaƙi. Akwai waɗanda aka shafa wa kala daga baya, ka guje su. Akwai wani bugu na cika shekara 30 da aka cusa masa sababbin sina-sinai da sabon kiɗa, wannan kam ko kyauta aka baka ka ce ka gode. Nemi wanda aka gyara hotonsa wanda kamfanin Criterion suka fitar a 2018. In kaga baƙi a gefen hagu da dama na allo kar ka taɓa rimot, haka aka ɗauke shi, hotonsa kusan murabba'i ne.

Daga nan sai Dawn of the Dead na 1978, sai Day of the Dead na 1985, duk na Romero, sannan ka tsallaka Italiya wajen Fulci. Masu barkwanci irinsu Return of the Living Dead da Re-Animator, dukkansu 1985, da Braindead na Peter Jackson na 1992, barsu sai ƙarshe, don ba zaka gane abinda suke tsokana ba sai ka san na asalin. Af, maganar wai zombi ƙwaƙwalwa yake ci, daga Return of the Living Dead ta fito, na Romero duk inda suka samu a jiki ci suke.

Yanzu ga inda mutane suke ɓacewa, sunaye. Wani daraktan Italiya Dario Argento ya taimaka aka samo kuɗin Dawn of the Dead, a madadin haka aka bashi damar ya tace nasa kwafin na Turai, ya fitar dashi a Italiya da sunan Zombi. Fim ya ci kasuwa, sai furodusoshin Fulci suka laƙaba wa nasu suna Zombi 2 kamar cigaba ne, alhali ko dangin nesa basu haɗa ba. Wannan Zombi 2 ɗin a Amurka sunansa Zombie, a Ingila kuma Zombie Flesh Eaters. Fim ɗaya suna uku. Braindead shima a Amurka Dead Alive ake ce masa. Sannan ga maimaici, an sake yin Night a 1990, an sake Dawn a 2004 da sunayensu na da. Don haka kar ka taɓa neman fim da suna kaɗai, haɗa da shekara da sunan darakta, in ukun nan suka dace to kana kan hanya.

Sai mintuna. Wannan shine ma'aunin farko amma kar ka dogara dashi ido rufe. Dawn of the Dead kala uku ne sanannu, na sinimar Amurka minti 127, dogon da aka kai bikin fina-finai na Cannes minti 139, sai na Argento wajen minti 119. Mai gaggawa zai ce na Argento an yanke, a'a, jininsa na nan cif, hira da barkwanci ya rage ya cika shi da kiɗan ƙungiyar makaɗa ta Goblin ya mayar dashi kamar fim ɗin faɗa. Ni dai na 127 nake baiwa sabon shiga, shine wanda Romero da kansa ya fi so, dogon kuma sai wanda ya riga ya kamu. Re-Animator ma ya fi rikitarwa, wanda aka yanke wa jinin ya fi cikakken tsawo, don da suka cire ta'asar sai suka ga fim ya gajarce suka ciko shi da sina-sinan hira da aka zubar tun farko. Kaga wanda ya bi tsawo ya sayi wanda ba shi ba. Braindead kuwa lissafinsa a miƙe yake, na asali minti 104, na Amurka mara tambarin shekarun masu kallo minti 97, wanda aka tace sosai 85, wato kusan minti ashirin sun tafi, a fim ɗin da armashinsa gaba ɗaya jinin ne.

Wani abu kuma da ya taɓa sa na zargi faifai mai gaskiya, gudun hoto. Fim ɗin sinima hoto 24 yake gudu a sakan ɗaya, amma tsofaffin kaset da DVD na Turai 25 suke gudu, saboda haka fim mai minti 127 zai nuna maka wajen 122 alhali ba a taɓa ko gashinsa ba. In kaga gibin ya kai kashi huɗu cikin ɗari daidai wa daida to gudu ne ba almakashi ba. A Blu-ray yawanci babu wannan matsalar.

In mintuna basu warware maka ba, kunnenka zai warware. Mai yanka yana cire hoto ne tare da sautinsa, to kiɗan da ke tafiya a ƙasa sai ya yi tuntuɓe, ko kaji ihu ya fara bai ƙare ba, ko kaga mutum a tsaye da adda a hannu sai kawai ga gawa a ƙasa ba ka ga lokacin da aka sara ba. Wani lokacin basa cirewa, duhu suke ƙara wa hoton ko su zuƙo kyamara gefe guda yadda abin zai fita daga allo. Kalmomin da zaka duba a bayan kwali su ne uncut, wato ba a yanke ba, da unrated, wato mara tambarin shekaru, amma masu sayarwa sun iya ƙarya, an sha rubuta hakan a kan yankakke. Hukumar tace fina-finai ta Ingila, BBFC, tana da shafi da zaka rubuta sunan fim ta nuna maka ko ta yanke da kuma nawa ta yanke, akwai kuma wani shafi Movie-Censorship da ke jera hotunan kwafi biyu gefe da gefe sakan bayan sakan, mutanen nan basu da aikin yi, Allah ya saka musu. Kamfanoni irinsu Arrow, Blue Underground da Second Sight kuwa in kaga tambarinsu hankalinka ya kwanta, aikinsu kenan tono tsofaffin nan su dawo dasu cikakku.

To wai su waye suke yankan, kuma don me? Sanin wannan yana taimaka maka ka gane kwafin wace ƙasa zaka guda.

A Amurka ba gwamnati ce ke yi ba, ƙungiyar masu fim ce da kanta take bada tambarin shekaru, kuma tsarin ya fara aiki ne a Nuwamba 1968, wata guda bayan fitowar Night of the Living Dead. Kenan fim ɗin ya fito lokacin da ba mai tare yaro a ƙofar sinima. Roger Ebert mai sharhin fina-finai ya shiga kallon rana ya tarar da ɗakin cike da ƙananan yara an turo su kallon dodo kamar yadda aka saba, ya rubuta yadda ihun murna ya koma tsit, da wata yarinya 'yar shekara tara haka da ke zaune tana ta hawaye. Bayan an kafa tsarin sai ya zama a wancan lokacin fim mai jini da yawa tambarin X ake bashi, shi kuma X mutane sun riga sun ɗauke shi na fina-finan batsa ne, jaridu basa karɓar tallansa, gidajen sinima da yawa basa haska shi. Romero ya ƙi yanke Dawn, ya fitar dashi ba tambari kwata-kwata. A Day of the Dead ma aka ce masa ga dala miliyan 7 in zai sassauta, yace a'a, aka raba kuɗin biyu ya karɓi miliyan uku da rabi ya sake rubuta labarin ya dunƙule shi cikin wani rami a ƙarƙashin ƙasa. In kana kallonsa kaji kamar an matse ka a wuri ɗaya, to dalilin kenan, kuma ni a ganina matsin ya yi wa fim ɗin rana.

Ingila ce uwar tafiyar. Farkon shekarun 1980 bidiyon gida ya shigo, doka kuma bata san dashi ba, hukumar tacewa sinima kawai take dubawa, sai ƙananan kamfanoni suka dinga zuba fina-finan Italiya cikakku a shagunan haya da kwalaye masu hoton da zai hana ka barci. Jaridu suka taso, wata mai fafutukar tarbiyya Mary Whitehouse ta taso, aka laƙaba musu suna video nasties, wato ƙazaman bidiyo, 'yan sanda suka fara shiga shaguna suna kwashe kaset. Ofishin mai gabatar da ƙara ya fitar da jerin da ya kai fim 72, aka ci nasara a kotu a kan 39, fim ɗin Fulci yana cikin waɗanda aka kama da laifi. A 1984 aka yi dokar da ta ce kowane bidiyo sai ya bi ta hannun BBFC. Dama tun a sinima sun cire masa minti ɗaya da sakan 46, har da idon nan da na baka labari, kuma sai 2005 aka barshi ya fita cikakke a can. Abin da ya biyo baya kuwa, jerin nan da aka yi don a tsorata mutane shi ya zama takardar cefanen masoya, kowa so yake ya ga duka 72 ɗin, fina-finan da da an manta dasu a kwandon shara har yau ana buga su saboda sun taɓa shiga jerin. Don haka duk tsohon kaset ko DVD na Ingila na bayan dokar 1984 zuwa shekarun 2000 ka ɗauka yankakke ne sai in an tabbatar maka. Na Jamus ya fi muni, can kotu ce take ƙwace fim gaba ɗaya a ƙarƙashin sashe na 131 na dokar laifuka, Dawn of the Dead ya shafe shekaru da dama a haramce sai 2019 aka sake shi. Braindead kuma da Jamus ta haramta, Ingila ta barshi ya wuce ba yanka don sun ga ai wasan barkwanci ne, mutum da injin yankan ciyawa a tsakiyar falo yana nika zombi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ni fa ban ce a bar yara su kalla ba, labarin yarinyar can na Ebert ya ishi mai hankali. A rubuta shekaru a kwali, a tsare ƙofa, daidai ne. Abinda yake ƙona min rai shine a yanke fim a sayar wa baligi ba a gaya masa ba.

Shikenan ka samu cikakken kwafi, saura yadda zaka kalli jinin kansa, don nan ne daɗin yake. Ka sa a ranka duk abinda kake gani da hannu aka yi shi, ba kwamfuta. Wani ne ya zauna ya ɗauki zubin kan ɗan wasa, ya ƙera na roba, ya cusa masa bututu, wani yana tsugune a ƙasan kyamara yana matsa famfon jini. Kalli sin ɗin sau ɗaya yadda aka yi shi don ya firgita ka, sannan ka mayar baya ka bishi a hankali kana neman daidai inda aka sauya mutum da gunki. Kusan kullum a wajen da kyamara ta ɗan juya ne, a nuna fuskar mai ihu, a nuna hannun zombi, in an dawo kan ba nata bane kuma. A sin ɗin idon nan zaka ga Fulci ya ƙi gaggawa, yana ta kai da komo tsakanin ido na gaske da tsinin har sai ƙwaƙwalwarka ta gama yarda, lokacin da na robar ya shigo ka riga ka sallama. Cire wannan ƙarshen shi yasa yankakken kwafi yake zama kamar an yi maka tatsuniya an hana ka ƙurunƙus.

Sannan ka koyi bambance hannun masu kwalliyar. Tom Savini wanda yayi Dawn da Day ya taɓa zama mai ɗaukar hoto na soja a yaƙin Biyetnam, ya ga gawa ta gaske, kuma ya sha faɗin cewa da ita yake auna aikinsa. A Dawn dai kayan aiki sun bashi kunya, ya shafa wa zombi toka-toka sai suka fito shuɗaye a fim, jinin kuma ja ne mai haske kamar fenti, shi bai so ba amma Romero yace a barshi ya dace da yanayin littafin zane da yake nema. In ka zo Day sai kaga mutum ya ƙware, kowane zombi da irin ruɓewarsa. Wajen da aka yaga Kyaftin Rhodes gida biyu hanjin alade na gaske suka zuba, kuma an samu wani ya cire wa firjin wuta kayan suka ruɓe kafin ranar ɗauka, to yamutsa fuskar da kaga ɗan wasan yana yi ba duka bane wasa. Wani matashi Greg Nicotero yana cikin yaran Savini a wannan fim, shine daga baya ya riƙe kwalliyar shirin talabijin ɗin nan na zombi The Walking Dead. Na Italiya kuma Giannetto De Rossi, shi da yumɓu yake aiki, zombinsa kamar yanzu aka tono su daga kabari, ƙasa a jiki, tsutsa mai rai tana motsi a ramin ido, suna tafe kai a sunkuye ido a rufe. Na Romero maƙwabcinka ne da ya mutu jiya, na Fulci ya shekara ɗari a ƙasa. Kuma eh, faɗan zombi da kifin shak a ƙarƙashin ruwa shak ɗin na gaske ne, mutum ne ya shiga da kwalliyarsa ya rungume shi, har yau na kasa gane wanda ya yarda da wannan shawarar.

Ba duka ne abin yabo ba fa. Akwai irinsu Hell of the Living Dead na 1980 da aka cika da hotunan namun daji da aka yanko daga wani fim daban, kiɗan ma na Goblin aka aro, wannan sai dai ku taru da abokai kuyi dariya. Jini kaɗai baya yin fim, in ba a gina maka tsoro kafin a zubar ba to mahauta kawai kake kallo.

In kaga bakin 'yan wasan Italiya baya tafiya da magana kar ka tsaya neman wani kwafin, haka suke aiki a lokacin, basa ɗaukar sauti a wajen ɗauka, kowa yayi yarensa daga baya a ɗora murya, ko na Italiyancin ka samu ɗorawa aka yi. Fim ɗin Fulci mai faɗi ne, in kaga ya cika tsohon allo dam ba baƙi sama da ƙasa to an datse gefunansa. Ka sani kuma na Fulcin da Return of the Living Dead da Re-Animator akwai tsiraici a ciki, ka san da wa zaka zauna, na Romero sun fi sauƙi ta nan. Kashe fitila, kife waya, ka basu minti ashirin na farko don a hankali suke tashi kamar zombin nasu. In kuma Day of the Dead ne a layi, ci abincinka tun da wuri.